Ɗan Tudu, Furen Kakata

Makon jiya na je karɓo ɗinki a wani shago a unguwar Sauka Kahuta, nan Minna. Telar tana can ciki tana neman ledata, ni kuma ina tsaye ina danna waya, sai gefen mayafina ya shafi wani ɗaurin fure da ta soka a kwalba a kan tebur. Ya yi ƙaras. Ƙaramin sauti ne, irin na busasshiyar takarda in an murza ta, amma sai da na nemi benci na zauna. Telar ta fito ta ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce mata rana ce ta buge ni. Ta ga inda nake kallo, ta ce wata amarya ce ta bar mata shi bayan biki, daga Abuja aka kawo, wata huɗu ke nan bai canza ba, har masu kawo ɗinki suna musu da ita wai roba ne. Ni kuwa na san ba roba ba ne, don na taɓa kashe irinsa da hannuna.

A gidan kakanni na tashi, a tsohuwar unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, inda in jirgin kaya ya wuce sai ka ji kwanukan da ke jere a ɗaki suna kaɗawa. Kakana na wajen uba kafinta ne a reluwe, ban riske shi ba. Matarsa na riska, wadda duk gidan muke kira Kaka. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara, in kuma na ɓata mata rai ta ce an yi asarar suna. Gajeriya ce, baƙa, mai kaifin baki, ga goro kullum a kunci. Ta haura shekara hamsin a Minna, amma duk bazara sai ta yi mitar zafin garin kamar jiya aka sauke ta a tasha. Takan ce mu 'yan Minna tun a ciki aka dafa mu, shi ya sa ba ma jin komai, har magana.

Ita 'yar tudu ce. An haife ta a wani barikin masu haƙar kuza a bayan Bukuru, kusa da Jos, inda ubanta yake sayar wa leburori nama. Can aiki ya kai kakana, ya gan ta, aka ɗaura aure, ba a yi shekara ba aka yi masa canji zuwa Minna. Ranar da za su hau jirgi, uwarta ta zagaya bayan ɗaki ta tono wani tsiro da saiwarsa, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta sa mata a ƙwarya. Ba ta da abin da ya fi wannan da za ta ba ta. Kwana biyu suka yi a hanya, da sauka a Kafanchan da sauka a Kaduna, amarya na rungume da ƙwarya a cinya. Daga wannan tafiya ba ta ƙara ganin uwarta ba. Haihuwa ta biyo haihuwa, sai wasiƙa ta zo cewa uban ya rasu, bayan wasu shekaru wata ta zo cewa uwar ta bi shi, daga nan wasiƙun suka ɗauke. Abin da ya rage mata na gidansu shi ne wannan tsiro, kuma kowa a gidanmu ya san haka ba sai an gaya masa ba.

Har yau ban san sunansa na gaskiya ba. Ita ɗan tudu take ce masa, mu kuma furen Kaka. Wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa ya taɓa ce mini dangin fulawar nan ne mai bin rana, na ce to. Tsayinsa bai wuce gwiwar babba ba. Ganyensa siriri ne, launin toka, da wani laushi a bayansa kamar an shafa auduga. In ka murza shi ƙamshin zai wuni a yatsunka, wani abu tsakanin kanumfari da busasshiyar ciyawa. Furannin ƙanana ne, ruwan ɗorawa, kowanne bai fi maɓallin riga ba, a cure a kan reshe. Abin mamakinsa shi ne tun yana kan uwarsa a bushe yake. Ka taɓa shi yana da rai ka ji ƙaras, ka yanke ka ajiye shekara uku ka taɓa ka ji ƙaras, launin kuma yana nan yadda ka san shi. Ba ya yaushi, ba ya zuba. Ku riƙe wannan, don ta nan abin ya ci ni.

Yadda Kaka take riƙonsa kuwa, in baƙo ya gani sai ya ce mugunta ce. A gindin katangar yamma yake, inda rana ke samunsa da hantsi, inuwa ta rufe shi kafin azahar. Ba a ƙasa sosai yake ba, a kan wani ɗan tsibi ne na yashi da tsakuwar layin dogo da kakana ya kwaso mata tun suna sabbin zuwa. Ba taki, ba baƙar ƙasa. Ruwansa ragowar alwala ne a gindin buta, shi ma sau biyu a mako, da rani kaɗai. In damina ta kankama kuwa, akwai wani guntun kwanon rufi mai tsatsa da take jinginawa a kansa da zarar hadari ya haɗo. Na sha ganinta ta bar tuwo a kan wuta ta ruga jingina kwanon nan, shanyar mutanen gida tana jiƙewa a igiya ko kallonta ba ta yi. A lokacin bayan kowane gida a unguwarmu kore shar yake da masara da kuɓewa da alayyahu. Ɗan tudu kaɗai ke tsaye a kan duwatsunsa fari-fari kamar mai jinya.

In ruwa ya janye, sai yanka. Da hantsi ake yi, bayan raɓa ta bushe, da wata 'yar wuƙa da ba a yanka komai da ita sai shi. Ba ta barin fure ya gama buɗewa. Takan ce ko an yanke shi yana ci gaba da buɗe ido, in ka jira ya cika sai ya tashi ya zama gashi iska ta kwashe. Ni ce mai riƙe faifai, tana yanka tana jerawa. Sai ta ɗaure su ƙulli-ƙulli da zaren saƙa, ta rataye kai ƙasa a ƙusoshin bayan ƙofarta inda haske ba ya kaiwa. Mako biyu ɗakinta yana wannan ƙamshi, har tabarma, har gashinmu mu masu kwana a wurinta. Daga nan ta sa ɗaya a adakar kayanta, wai yana korar asu, sauran kuma na rabo ne. Duk 'yar da aka aurar daga gidan nan sai Kaka ta buɗe akwatinta ta tura ƙulli ɗaya a tsakanin zannuwa. Gwaggonnina duka sun tafi da nasu, haka yayyena biyu. Ni ma ta ce nawa na nan tafe, in an samu wanda Allah ya jarrabta da ni.

Ina aji shida na firamare idonta ya fara ba ta wahala. Da farko zare ne ba ta iya sawa a allura, har ta kai ga zuba gishiri a koko maimakon sukari. Baba ya yi ta fama da ita kafin ta yarda a kai ta Kaduna a yi mata aiki, za ta zauna a gidan gwaggona ta can har ta warware. A tsakiyar damina ne, lokacin marka, ɗan tudu ya fitar da kawuna sun fara nuna ruwan ɗorawa. Da safen da za su tafi, mota na jira a ƙofar gida, ta ja ni gindin katanga ta riƙe mini kunne, ba da zafi ba. Ta ce, "Takwara, ga amana. Kada ki yi masa komai. Kin ji aikin naki ke nan, kada ki yi masa komai. In hadari ya haɗo ki jingina kwano, in ya wuce ki ɗauke." Na ce na ji. Ta ce ta san irin jin 'yan Minna.

To, ni a wannan shekarar kaina ya kumbura. A gonar makaranta an ba kowa kunya ɗaya, kuma alayyahuna ya fi na kowa, har malamin aikin gona ya tsayar da aji a kansa ya ce a yi mini tafi. Ya koya mana abin da duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sani, cewa tsiro taki yake so da ruwa. Kullum in na dawo sai in tsaya a kan ɗan tudu in ji tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina tsohuwar nan son abin take, amma ba ta je makaranta ba, shekara hamsin tana ba shi yunwa da ƙishirwa. Na ƙudurta kafin ta dawo da sabon ido sai ta tarar da shi ya kai ƙugu, kore shar, ta rasa bakin magana sau ɗaya a rayuwarta. Wallahi ba raini ba ne kaɗai, akwai so a ciki. So nake abu na farko da za ta gani ya zama aikin hannuna.

Akwai wata Bafulatana daga wajen Beji da ke kawo mana nono duk bayan kwana biyu. Na roƙe ta ta zo mini da kashin shanu. Ta yi dariya har ta dafa ƙwaryarta, ta ce tunda take yawon nono ba a taɓa tambayarta wannan ba, amma ta kawo, cike da leda, ta ƙi karɓar komai. Ranar Asabar, Mama na kasuwa, na kwashe tsakuwar nan da hannu ɗaya bayan ɗaya na tara gefe. Na haɗa takin da baƙar ƙasar bayan madafi, na cusa a gindinsa, na danna, na yi masa gurbi yadda ruwa zai zauna. Kwanon rufin kuwa na ja shi na kai bayan ɗakin kaji. A wannan makon aka yi ruwa kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa. Ina tsaye a baranda ina kallon ruwa ya kwanta a gindinsa, ina jin daɗi a raina cewa yau dai ya sha ya ƙoshi.

Kwana goma ba su cika ba ganyen ƙasa ya fara baƙi. Na ce sabon wuri ne, zai saba. Sai baƙin ya hau. Ƙamshin ya juye ya koma wani wari irin na tsumman da ya kwana a ruwa, in na taɓa gindin reshe sai in ji ya yi laushi. Tsoro ya kama ni. Na kwashe takin da na iya kwashewa, na mayar da tsakuwa, na dawo da kwano, na yi ta addu'ar da na iya. Amma furannin da ke sama ba abin da ya same su. Suna nan ruwan ɗorawa, suna ƙyalli, in iska ta kaɗa su yi ƙaras-ƙaras. Mama takan wuce da tsintsiya ta ce, "A'a, furen Kaka ya yi kyau bana." Ba wanda ya sunkuya ya duba. Cikin rassan duka, ɗaya ne tak ta jikin katanga ya rage da ɗanyen ganye.

Kaka ta dawo bayan wata guda da 'yan kwanaki, da baƙin tabarau da sanda. Aikin bai yi ba. Likita ya ce ciwon ya riga ya ci jijiyar idon tun kafin a zo, abin da ya rage mata shi ne ta bambance haske da duhu. Ya kuma hana ta sunkuyawa da ɗaukar abu mai nauyi har sai wurin ya warke. Ba ta yi kuka ba, ba ta bari an yi mata ba. Bayan masu sannu da zuwa sun watse, ta ce, "Ina Takwara? Yaya ɗan tuduna?" Bakina ya riga ni. Na ce lafiya lau yake. Ta ce in kai ta. Na kama hannunta na ɗora a saman furannin, can sama inda ba sai ta sunkuya ba. Ta shafa su a hankali, suka yi mata ƙaras, na ga fuskarta ta saki. Ta ce in tsinko mata ganye. Na zagaya ta jikin katanga na tsinko daga reshen nan ɗaya mai rai, na sa mata a tafi. Ta murza ta kai hanci ta daɗe, sannan ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ido ya tafi, hanci na nan."

Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar. In kai ta gindin katanga, ta shafa sama, in ba ta ganye. Wannan ne kaɗai fitarta daga ɗaki in ba alwala ba, kuma a nan ne kaɗai take dawowa yadda na san ta, ta tsokane ni, ta ba ni labarin sanyin garinsu da yadda ruwan randa ke cizon haƙori da safe. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa, sai in ga yadda take riƙe da ganyen nan, in haɗiye. Na gaya wa kaina ba zan ƙara mata wani rashin a kan na ido ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, ba na duka ba, na abin da fuskarta za ta yi. Ganye ɗaya a yini, wani lokacin biyu in ta ce na farkon ba shi da ƙarfi. Cikin mako uku reshen ya zama tsinke. Daga nan sai na koma cewa ganyen ya jiƙe, ko in ce kiran Mama nake ji.

Ruwa ya janye, likita ya sake ta. Wata safiya da hantsi ta ce in ɗauko faifai da 'yar wuƙar, lokacin yanka ya yi. Na ɗauko. Ta durƙusa da kanta, ta laluba, ta kama reshe ɗaya don ta daidaita wuƙa, sai reshen ya biyo hannunta gaba ɗaya, ba saiwa, ba komai, baƙin gindi kawai. Ta tsaya. Ta kama na biyu, shi ma ya taho. Ta ajiye wuƙar, ta tura yatsu cikin tsakuwa har suka kai ƙasa, ta ɗebo ta shinshina. Ta daɗe a durƙushe.

Ta ce, "Takwara, yaushe ganyen ƙasa ya fara baƙi?"

Na ce tun kafin ta dawo.

"Ganyen da kike ba ni kullum fa, daga ina?"

Na ce akwai reshe ɗaya da ya rage. Ta ce in kai hannunta. Na kai. Ta bi shi da yatsu daga ƙasa har sama, ba ganye ko ɗaya, ya riga ya bushe.

Ta ce, "Da kin faɗa mini ran da na dawo, da mun ɓalle wannan mun soka a yashi, ya kama. Haka nake yi masa duk bayan shekara biyu. Kin ɗauka wanda uwata ta ba ni ne wannan? Jikan jikansa ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Kukana ne ya fito da mutanen gida. Da Baba ya ji abin da ya faru ya zaro bulala daga saman ƙofa, ita kuma ta ji motsinsa ta ce, "Ajiye abin nan. In ka dake ta zai tsiro ne?" Ya ajiye. Har yau ina ganin da ya dake ni da na fi samun sauƙi. Ta sa na yanke furannin duka, muka ɗaure muka rataye kamar kowace shekara. Wasu ta sa na murtsuke na yayyafa a kan yashi ko akwai iri a ciki. Wata biyu ina tashi da asuba in duba. Ba abin da ya fito, don uwar ta mutu kafin su yi ƙwaya.

Ba ta ƙara tayar da maganar da ni ba, ko sau ɗaya. Tana kirana Takwara kamar da, ni nake cika mata buta, ni nake tsefe mata kai. Amma ba ta sake ce mini an yi asarar suna ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo, don na san yanzu in ta faɗa ba zai zama wasa ba. Bazara ta zo da zafinta, muna ta fifita, ita ko uffan. Nan na gane wani abu ya mutu a jikinta.

Sai ta juya kan Baba. Ta ce ya kai ta gida ta tono wani, ta san inda yake fitowa, ko ba ido ƙafarta za ta gane bayan ɗakin uwarta. Baba kafinta ne kamar ubansa, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, ga bakuna da yawa a kansa. Ya ce to, bari a gama aikin da ke hannu. Aka gama, ya ce jirgi yanzu ba tabbas, bari a ga bayan sallah. Bayan sallah ya ce sanyin can zai yi mata yawa, a bari ya sauka. Daga baya in ta tayar da maganar sai ya sunkuyar da kai ya ce, "In sha Allahu, Inna," ya tashi ya fita. Na tsane shi a kan wannan, ina yarinya, kuma na ji daɗin samun wanda zan raba laifina da shi. Shekara uku tana tambaya. A ta ukun, cikin bazara, ta yi sallar azahar a zaune ta kishingiɗa, ba ta tashi ba.

Ƙullin ƙarshe da muka rataye ta riga ta rabar wa 'yan uwana biyu da aka aurar kafin rasuwarta. Na adakarta kuma da aka zo rabon kaya ya ruguje a hannun mata, aka kakkaɓe. Da nawa auren ya zo, Mama da gwaggonnina suka jera mini akwati, ba wanda ya ce komai, ni ma ban ce ba. Ni ce 'ya ta farko da ta fita daga gidan nan ba ɗan tudu a cikin zannuwanta.

Shekarun baya kaɗan aka gayyace mu bikin 'yar wata abokiyar aikina a Jos. Ban taɓa zuwa ba. Muka bar Minna bayan sallar asuba, la'asar ta same mu a can, har da tsayawa cin abinci a hanya. Tun a mota nake mamakin kusancin wurin. Washegari na bar masu biki na ɗauki mai mota ya kai ni bayan Bukuru, ina tambaya da sunan barikin yadda na ji a bakin Kaka. Da ƙyar aka samu mai nuna mana. Ba bariki, ba gida, ba ko tubali. Manyan ramuka ne cike da koren ruwa, da tsibin jar ƙasa, da gonakin dankali. Na fito na tsaya, iska mai sanyi tana kaɗa mayafina, sai na ji ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Na duba. Ga shi nan a tsakanin duwatsu, ga wani, ga wani, gangaren gaba ɗaya, har inda idona ya kai. Na durƙusa na murza ganye na kai hanci, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Wata mata da ke aiki a gona kusa ta matso da fartanya a kafaɗa ta ce, "Mama, mene ya faru? Wannan ai ciyawa ne, ko akuya ba ya ci." Ita ta ara mini fartanyar na tono ɗaya.

Gidanmu yanzu ba inda za ka soka tsinke. An yi wa tsakar gida siminti daga bango zuwa bango, an fasa zaure an yi shaguna uku, gindin katangar yamma tankin ruwa ne a kai. Bayan gidajen da ake shuka masara duk ɗakunan haya ne. Amaren gidan da turaren kanti ake jera musu akwati, kuma ba na ganin laifinsu, ba su san an taɓa yin wani abu dabam ba. A bokitin fenti na dasa wanda na kawo, da yashi da tsakuwa, na bi duk abin da na tuna. Bai yi wata biyu ba zafin Minna ya gama da shi. Abin da ta riƙe shekara hamsin ke nan, kuma ban taɓa zama na tambaye ta yadda take yi ba.

Amma ranar da na dawo, kafin in wuce gidana, sai da na biya wurin Baba. Ya tsufa, ya bar aiki, yana wuni a kan tabarma a ƙofar ɗakin da ya kasance na Kaka. Na gaishe shi, na kwance tsumman, na sa masa ganye a hannu. Ya murza ya kai hanci. Na zo da maganata a shirye, shekara talatin ina wasa ta kamar wuƙa. Na ce, "Baba, ashe wuni ɗaya ne. Ko kwana ba mu yi a hanya ba."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ta yaya ka sani?"

Ya ce, "Na je. Shekarar da abin ya mutu na je ni kaɗai, na ce muku Wushishi na tafi duba katako. Na tarar ba gida, ba mutum ɗaya da ya san su, ko kabarin uwarta ban samu mai nuna mini ba. Na rasa bakin da zan gaya mata. Na ga gara ta yi ta jin haushina, garinsu yana nan a ranta."

Na ce, "Furen fa, Baba? Ai ya cika wurin. A kansa ake tafiya."

Ya daɗe yana juya ganyen a tafinsa, bai ɗago ba.

Ya ce, "Gida nake nema. Ban duba ƙasa ba."